Hawa na Uku

Ranar Asabar, 14 ga watan Mayu, 2022, aka buɗe ginin da 'ya'yan marigayi Malam Yari suka yi a bakin hanyar da ta fita Gusau ta nufi Tsafe. A ƙasa akwai shaguna arba'in da shida da gidan abinci ɗaya. Hawa na ɗaya ofisoshi goma sha takwas ne, hawa na biyu otal mai ɗakuna talatin, hawa na uku kuwa gidajen zama shida. A ɗaya daga cikin shidan nan aka ajiye mahaifiyarsu, Inna Adama, mai shekara saba'in da ɗaya, wadda gwiwoyinta suka daɗe da gajiya.

Malam Yari ya sayi filin a 1974, lokacin Gusau tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, kafin ta koma Jihar Sakkwato a 1976, kafin kuma ta zama babban birnin Zamfara a 1996. A wancan zamani bayan gari ne, gero ake nomawa a wurin. Ya gina gidan ƙasa mai zaure da rijiya, gari ya biyo shi ya kewaye shi, har filin ya yi darajar da 'ya'yansa suka ga bai kamata a bar shi gidan ƙasa ba.

Autan Inna, Bashar, zanen gine-gine ya karanta, shi ne ya zana ginin, kuma sau uku ya zana shi. A zane na farko ya ware wa mahaifiyarsa sashe a ƙasa, da ƙofarta ta kanta. Babban wansa, Alhaji Mannir, ɗan kasuwar hatsi wanda aikin ke tafiya da kuɗinsa, ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Wanga fili da ba rufi, mi ne ne?"

"Tsakar gidan Inna ce, Yaya."

"Tsakar gida a bakin titi? Shago nawa za ta ci?"

"Kamar shida."

"To, ka gani."

A zane na biyu Inna ta koma hawa na uku, aka sa lifta, wato ɗan ɗakin ƙarfen nan mai hawa da sauka da mutane. Mazauna sama suna da tasu ƙofa da tasu matakala ta baya. A zane na uku aka cire wannan matakala aka samu ƙarin shaguna biyu, ya zamana mai zuwa gidajen sama sai ya shiga ta ƙofar otal ya hau matakalar otal. Don kada baƙi su ɓata hanya su faɗa wa iyali, Bashar ya sa ƙofar ƙarfe mai sanduna a tsakanin hawa na biyu da na uku. Ba a nuna wa Inna ko ɗaya daga cikin zanukan nan ba. Abin da aka nuna mata shi ne sunanta, da manyan haruffa a goshin ginin da kuma saman ƙofar otal, daga 'ya'yan da ba su taɓa kiran sunan nan da bakinsu ba.

Ranar buɗewa aka shigar da ita lifta, ta rufe ido tana salati, da ta buɗe ta ga kanta a sama. Damina tana tsakiya wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona injin liftar. Aka ce mai gyara zai zo daga Kano.

Inna Adama tana da aiki a unguwa, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta shi a wani wuri. Ita da ƙawarta Asabe suke wanke matan da suka rasu, fiye da shekara talatin. Ɗaya tana zuba ruwa, ɗaya tana wankewa, ba sa karɓar komai, kuma abin da suka gani a jikin gawa ba ya fita daga ɗakin. Duk gidan da aka yi rashi, kafin a aika maƙabarta an aika gidan Malam Yari.

Asabe ta zo sau ɗaya. Ta iso ƙofar Inna tana haki, mayafi ya rufe mata rabin fuska, ta zube a kan tayil har numfashinta ya dawo.

"Ke Adama, mi kinka yi ma ɗiyanki sunka rataye ki kamar irin masara?"

"Zauna kan kujera, tsohuwar banza. Ba ki ga gidan masu kuɗi ba ne?"

"Na gani. Wani yaro can ƙasa mai ɗan wuyan riga ya tambaye ni ɗaki nika so, na kwana ko na wuni. Ni! Na ce mishi ɗakin uwar mai gidanka nika so."

Suka yi dariya har Inna ta share hawaye. Asabe ta kwance ƙullin daddawa da na kuka ta ajiye, ta zagaya gidan tana shafa bango, ta je taga ta tura, ta ji ba ta buɗuwa. Gilashi ne mai duhu tun daga sama har ƙasa, an yi shi don na'urar sanyaya ɗaki.

"Ina kike shanya?"

"Babu."

"Rana hwa?"

"Tana wucewa ta can."

Asabe ta dawo ta zauna. Ta ce matar limamin da ta rasu makon jiya, wasu yara biyu ne suka taya ta, suna sauri kamar masu wankin mota. "Ni dai na hwaɗa ma Hanatu," in ji ta, tana nufin 'yarta. "In na riga ki, ke za ki wanke ni. Ban yarda da hannun kowa ba."

"In ni na riga ki hwa?"

"Sai su zuro min ke da guga."

"Allah ya shirye ki. Na ɗauka, Asabe. In ina da rai, ni ce."

Ɗan kabu-kabun da ya sauke Asabe ya faɗa a majalisa cewa ya kai tsohuwar Mahadi otal. Da wasa ya faɗa, amma maganar ta kai kunnen Mahadi, babban ɗanta, ba da wasa ba. A Gusau mace mai mutunci ba ta son a gan ta tana shiga ƙofar da aka rubuta otal a kanta, ko shekararta nawa. Asabe ba ta sake zuwa ba. Sauran matan unguwa, da suka ji yadda ta kaya, ba su ma gwada ba. Suka koma gaisuwa ta waya, daga baya wayar ma ta ragu.

Kwanakin Inna suka zama iri ɗaya. Da safe Juwairiyya, matar Alhaji Mannir, wadda gidanta ke kallon na Inna, tana kawo koko da abincin rana a kula, ta durƙusa ta gaishe ta, ta sauka shagonta na atamfa, ta kulle ƙofar ƙarfe a bayanta. Ba muguwar mace ba ce, tana dai da shago. Jikoki suna makaranta. Sauran masu hayar sama ma'aikata ne, kowa da makullinsa, suna fita da safe su dawo da yamma. Ba a yanka wa Inna makulli ba, tun da ba sauka take yi ba.

Tana jin ginin yana rayuwa a ƙarƙashinta: janareto, kiɗan masu sayar da waya, ƙamshin soyayyar albasa da ke hawowa ta ramin lifta. Daga tagarta rufin kwanon rumfar motoci take gani, da kawunan mutane ƙanana da ba ta iya gane ko ɗaya. Juma'a kawai take ganewa ba tare da ta tambaya ba, domin ƙarar ƙasa tana yankewa da rana. A watan Afrilu, in wuta ta ɗauke, gilashin nan yana riƙe zafi kamar tanda, sai ta jiƙa zani ta shimfiɗa a kan tayil ta kwanta. Ƙafafunta suka fara kumbura. Ta daina ɗaura ɗankwalin fita. Takalmanta suna nan bakin ƙofa inda ta cire su ranar buɗewa, Juwairiyya tana ɗaga su ta share ƙarƙashinsu ta mayar.

Da Uwa mai ƙosai ta rasu, sai bayan sadakar uku Inna ta ji, a bakin jikarta.

"Don mi ba a hwaɗa min ba?" ta tambayi babban ɗanta. Ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari, Alhaji take ce masa kamar kowa.

"Inna, don kada hankalinki shi tashi. Kuma ko an hwaɗa miki, ya za a yi?"

"A sauke ni."

"Ana nan ana ƙoƙari. Abin da ya ƙone babu shi ƙasar nan, sai an yi oda."

"Ku ɗauke ni kan kujera mana. Ba ni da nauyi."

Alhaji Mannir ya girgiza kai a hankali, kamar wanda aka nemi ya yi saɓo. "Haba Inna. Ta cikin otal? Gaban baƙi? Yanzu kowa da waya a hannu. Wani shi ɗauka shi watsa, a ce ga uwar masu gini ana dakonta kamar buhu. Wallahi ba zan iya ganin haka ba. Darajarki ta hi haka."

Ta dube shi. Ya ajiye mata ledar tuffa da madara ya fita.

Bashar yana zuwa in ya shigo gari. Ya kan zauna kusa da ita ya matsa mata ƙafa, ya nuna mata hoton ginin a wayarsa, da fitilu a kunne, ya ce mutane daga wasu jihohi suna kiransa saboda shi. Ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka. Wata rana ta ce masa, "Auta, kai ka zana wurin nan. Zana min hanyar sauka."

Ya sunkuyar da kai. "Inna, a zane akwai hanya. Zanen ba shi da matsala, liftar ce. Da tana aiki, da ba wanda ya kai ki jin daɗi a Gusau."

"Da tana aiki."

"Zan yi wa Yaya magana."

Ya yi masa. Wansa ya ce janareton da ake da shi ma ba ya ɗaukar lifta da na'urorin sanyi na otal a lokaci ɗaya, sai an sayi babba, kuma a bari kasuwa ta ɗan buɗe.

A shekara ta biyu ɗan haya ya tashi daga wani shago a ƙasa, can kusurwar baya, mai ƙofa a lungu. Juwairiyya ce ta ambata a cikin hira. Inna ta riƙe maganar har 'yarta Mansura ta zo daga Bungudu, inda take aure, ta sa aka kira mazan biyu.

"Shagon nan nika so," in ji Inna. "Tabarma ɗaya da buta sun ishe ni."

"Shago, Inna?" Alhaji Mannir ya ce. "Ba bayi, ba taga. Mu gina wanga wuri duka, sannan a ce mun aje uwarmu a shago?"

"To ku ba ni ita," in ji Mansura. "Ɗakin ƙasa gare ni, da tsakar gida, da maƙwabta. Ko mako biyu ta yi ta ga mutane."

"Gidan suruki? Muna raye? Ke ko kunya ba ki ji. Ga hanya yadda take, kowa ya san halin da ake ciki."

"Hanyar da na biyo yau da safe?"

"Mansura, ki iya bakinki."

"Yaya, shekara biyu ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Ko ɗan kaso ana fitar da shi ya sha iska. Kai kuma Bashar, da ka yi shiru kamar ba kai ka zana kurkukun ba!"

"Ni na ware mata wuri tun farko," in ji Bashar, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ni na cire ba."

"Wa ya riƙe alƙalamin?"

Alhaji Mannir ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce ba a rasa Inna da ci ba, ba a rasa ta da sha ba, likita yana hawowa ya duba ta, akwai tsofaffi da yawa a garin nan da ke roƙon Allah ya ba su rabin abin da take ciki. Duk wannan gaskiya ne. Inna tana kallon yatsun ƙafarta. Ba a yi wata guda ba wani mai sayar da kayan gyaran babur ya shiga shagon.

Daga nan ta daina tambaya. In an gaishe ta sai ta ce lafiya lau, in an ce me take so sai ta ce babu. Abinci yana komawa rabi. Ta kan wuni a zaune a wuri ɗaya, carbi a hannu ba ya motsi.

Ranar Talata, 9 ga watan Yuli, 2024, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Hanatu ce, tana kuka.

"Inna Adama, Inna ta cika. Yanzun nan. Tun jiya take cewa kada a bar kowa shi taɓa ta sai ke. Yaya Mahadi ya ce bayan Azahar za a kai ta."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna Adama. Muryarta ba ta rawa. "Ku ɗora ruwa. Ku nemo magarya da kafur. Ina nan tahe."

Ta kira Alhaji Mannir, ba a ɗauka ba. Ya tafi Tsafe duba wani fili. Ta kira Bashar, ya ɗauka da raɗa ya ce yana gaban masu ba da aiki a Abuja, zai kira ta. Wayar Juwairiyya tana ta ƙara a cikin jaka a gidan suna.

Ta ɗaura ɗankwali, ta yafa mayafi, ta ƙulle wayar a bakin zani. Ta dafa bango har bakin matakala. Da ta ga gwiwa ba za ta lanƙwasu ba, sai ta zauna a kan matakin farko, ta zura ƙafafu, ta dafa da hannu biyu, ta ja jiki zuwa na biyu. Haka ta yi ta yi. Tana hutawa, ta jingina kai da bango, ta ci gaba. Zanin ya kwashi ƙura, fatar tafin hannunta ta yi ja. Ta sha kwana, ta gangara sauran, har ƙafarta ta taɓa ƙofar ƙarfe. A kulle take, kwaɗon yana ta waje.

Ta buga sandunan da zobenta. Ta daɗe tana bugawa kafin wata mata ta leƙo daga lungun otal da tsintsiya a hannu. Rahila ce, mai sharar ɗakuna, 'yar Sabon Gari. Ta san akwai tsohuwa a sama, ba ta taɓa ganinta ba.

"Mama! Me ya sauko da ke haka?"

"Ɗiyata, buɗe min. Gawa ke jirana."

Rahila ta jefar da tsintsiya ta ruga ƙasa. Maigadi yana da makulli, amma an yi masa kashedi kada ya buɗe ƙofar iyali sai da izinin Alhaji. Ya yi ta kira har aka samu Alhaji Mannir. Ya ce kada a buɗe, kada ta faɗi a matakala a shiga uku, a ce mata ga shi nan tafe.

Rahila ta dawo da ruwa a leda, ta miƙa ta tsakanin sanduna, ta zauna a ɗaya ɓangaren.

"Yana zuwa, Mama. Ya ce yana hanya."

"To."

"'Yar'uwarki ce ta rasu?"

"Tare muke aiki."

Aka kira Azahar a masallacin bakin titi. Inna ta yi taimama da ƙurar bango ta yi salla a zaune, fuskarta tana kallon inda take zaton gabas ne. Tana sallamewa wayar ta yi ƙara a bakin zani.

"Inna Adama, mun jira," in ji Hanatu. "Maza sun taru, liman ya zo. Yaya ya ce ba a aje gawa. Matar maƙwabcinmu ta yi, ni na zuba mata ruwa."

"Kun warware mata kitso?"

"Mun warware."

"Kun fara da dama?"

"Ina jin haka munka yi."

"To. Allah ya jiƙanta."

Ta mayar da wayar ta ƙulle. Rahila tana kuka, ita ba ta yi.

Alhaji Mannir ya iso yana gumi, ya buɗe kwaɗon. "Inna! Mi ya kai ki? Da kin gangara hwa? Mi zan ce ma mutane?"

"An kai ta," in ji Inna. "Tunda na zo nan, ƙarasa da ni ƙasa in yi ma ɗiyanta gaisuwa. Saura hawa biyu."

Ya leƙa ƙasa. Wata ƙungiya tana taro a otal ɗin, an tashi cin abinci, matakala cike da mutane masu kati a wuya, kowa da waya a hannu. Ya dubi zanin mahaifiyarsa da ƙurar da ke jikinsa.

"Ba yau ba, Inna. Kin gaji. Ni zan je in yi gaisuwa a madadinki."

Ya aika Rahila ta kawo kujerar roba, ya kira maigadi. Suka ɗora ta, shi ya kama dama, maigadi ya kama hagu. Ba ta da nauyi, kamar yadda ta faɗa. Ba su ko tsaya hutawa a kwana ba. Abin da aka shekara biyu ana cewa ba zai yiwu ba, aka yi shi kafin ruwan da ke hannunta ya ƙare, sai dai sama aka nufa.

Ba wanda ya zage ta a gidan nan, ba wanda ya ɗaga mata murya, kuma duk wanda aka tambaya cikin 'ya'yanta zai rantse cewa don darajarta ya yi abin da ya yi. An auna wa mai shago faɗin ƙofarsa, an auna wa baƙon otal tsawon gadonsa, an ƙidaya motocin da rumfa za ta ɗauka. Ita kaɗai ce ba a tambaya me take yi da ranarta ba.

Alhaji Mannir ya je gaisuwar, ya kai buhun shinkafa. Filin Tsafe ya tabbata, Bashar ya zana masa gini irin wannan, da ƙarin hawa ɗaya. A watan Janairu na 2025 aka zuba kankare a gindin ramin lifta, aka sa masa ƙofa da kantar jera kaya, aka ba wani mai cajin waya haya. Inna Adama tana hawa na uku.